Gwiwar Ɗan Ailan

Ban saba ba da labarin gidanmu ba. Ko a aji, in malami ya yi tambaya na san amsa, nakan bari wani ya faɗa. Amma tun da muka dawo daga asibiti mutane suke tare ni a hanya suna tambayar abin da ya sami yayana, kowa da irin labarin da ya ji. Wani ya ce jifa ne aka yi masa a fili, wani ya ce karaya ce aka ɗora a karkace. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na nemi izininsa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, ko wani mai ɗan'uwa ɗan ƙwallo zai karanta ya farga da wuri.

Sunan yayana Habibu, amma daga Gwarzo har Kabo ba mai kiransa haka in ba 'yan gida ba. Ɗan Ailan ake ce masa. Yana da ɗan teburin sayar da kayan keke a kasuwa, da la'asar kuma ya buga wa ƙungiyar matasan garinmu baya, lamba biyar. Laƙabin ya samo asali ne daga tsofaffin mujallun ƙwallo da yake sayowa a gefen titi in ya shiga Kano sarin kaya. Bai yi nisa a boko ba, don haka ni nake karanta masa ina fassarawa. A cikinsu akwai labarin wani ɗan baya, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya buga wa manyan ƙungiyoyi a Ingila, ya kuma je gasar duniya da ƙasarsa. Gwiwoyinsa duk sun lalace, an yi masa aiki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har ta kai ba ya fita atisaye da sauran 'yan wasa. Sai ranar wasa ya shiga fili ya hana 'yan gaba sakat, kamar ba shi ne mai ciwo ba.

"Sake karanto min wurin nan, Farfesa," haka Yaya yake ce min. "Inda aka ce ba ya tirenin."

"Yaya, an kuma ce likitoci ne suke biye da shi kullum."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Mahaifinmu, wanda kowa har mu 'ya'yansa muke kira Malam, yana koyarwa a Islamiyya da safe, yana ba da karatu a zaure da yamma. Bai taɓa son ƙwallo ba, amma bai hana ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa, don haka ba ɗansa da zai yi gudu a gaban jama'a da gwiwa a waje. Da can Yaya yakan fita gida da dogon wando, in ya isa fili ya tuɓe ya bar gajere. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a wannan dabara ta ƙare, domin 'yan Hisba na sa-kai suna zagayawa har fili, kuma yawancinsu ɗaliban Malam ne. Sai Yaya ya koma sa wani wandon roba mai kama jiki har ƙauri, ya ɗora gajeren a kai. Aka yi ta yaba masa, wasu 'yan wasan ma suka kwaikwaya. A gida kuwa dama ba mai ganin cinyar wani. Ko wanka ya fito, zaninsa har ƙasa yake. Ni kuma ina jami'a a Kano.

Da haka aka yi tun daga kaka har bazara ba wanda ya ga gwiwar yayana, in ban da mutum ɗaya, mai kemis.

Sai daga baya Yaya ya ba ni wannan ɓangaren. A wani wasa a Getso, bayan an gama girbin gero, ɗan gaba ya faɗo masa a gwiwar hagu, ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Ta kumbura, ta saɓe, amma daga nan ta daina riƙe shi in ya juya da sauri. Ga gasar kofi ta ƙarato, ga raɗe-raɗin cewa mutanen wata ƙungiya a Kano za su zo ɗaukar 'yan wasa. Sai wani ya ba shi labarin mai kemis a Kabo da yake yin abin da suke kira allurar 'yan ƙwallo, a cikin gaɓar kanta ake sokawa. Ranar wasa da hantsi ya hau babur ya je a yi masa, kafin la'asar ba ya jin komai. Atisaye kuwa ya daina zuwa. Ya ce wa kocinsu, Koci Bala, yadda na Ailan yake yi ke nan. Kocin bai musa ba, tun da dai Yaya yana tare masa gida.

Shekarar yajin aiki ce. Malaman jami'a suka tafi nasu, na kwaso littattafaina na dawo gida, na tarar da Yaya a kwance da zazzaɓi. Kowa ya ce na cizon sauro ne. Mahaifiyarmu Inna ta dafa masa ganyen darbejiya ya yi sirace, aka sayo ƙwayoyi ya haɗiya. Makon farko a haka ya wuce. Zazzaɓin ya sauka da safe, ya dawo da azahar. Ɗaki ɗaya muke kwana, sai na lura ba ya miƙewa sai ya ga na fita, kuma sallarsa a zaune yake yi. Na lura kuma wando ɗaya ne a jikinsa kullum, ƙafar hagu ta cika shi tam, ta dama tana lilo a ciki.

Ran nan da hantsi na kawo masa ruwa a bokiti na ce ya canza kaya in wanke masa.

"Bar shi kawai."

"Ya yi datti, Yaya."

Sai ya ce, "Ba zai fita ba. Nemo reza. Ka tura ƙofar."

Na tsaga wandon daga ƙasa zuwa cinya. Gwiwar ta yi kamar ƙaramin tulu, fatar tana ƙyalli, da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu daga murhu. A gefenta ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo, wuraren da allura ta shiga, wasu sun warke wasu suna tsatsafar da ruwa.

"Kada ka gaya wa Malam," in ji shi. "Saura wasan kusa da na ƙarshe."

Ban gaya wa Malam ba. Inna na gaya wa, ita ta gaya masa.

Kafin la'asar gida ya cika da masu shawara. Kawu Sale, ƙanin Inna, ya zo daga Getso a kan kekensa, ya ce targaɗe ne ya kwana, ya san mai ɗori wanda ko ƙashin raƙumi aka kai masa sai ya haɗa. Wata gwaggonmu ta ce ita dai ciwon daji take gani, kuma kowa ya san daji ba ya son allurar asibiti, ana yi masa zai fusata. Wani maƙwabci ya ce a yi sakiya ruwan ya fita. Wani ya ce yaron da yake hana 'yan Kabo cin ƙwallo ai dole a bincika ko an binne masa wani abu ya taka. Malam daga zaure ya aiko da rubutu, ya ce a sha, amma a kai shi asibiti. To ma'aikatan lafiya su ma lokacin suna nasu yajin aikin. Na je asibitin garinmu da kaina na ga ƙofa a rufe, awaki suna kwance a baranda. Maganar Kawu Sale ita ta yi rinjaye.

A mako na biyu muka kai shi wurin mai ɗorin, a wani ƙauye gaba da Getso. Dattijo ne mai fara'a, kuma na yi imani da a ce karaya ce da ya yi mana amfani. Bai tambayi zazzaɓin ba, mu ma ba mu faɗa ba. Ya sa ƙarti biyu suka danne Yaya, ya tofa addu'a, ya ja ƙafar. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan ƙarar ba. Ya shafe ta da man shanu, ya jera kara, ya naɗe da tsumma tamau, ya ce kada wanda ya kwance sai shi da kansa, in mako biyu ya cika. Aka sake rufe gwiwar ke nan.

Ba a ci rabin wa'adin ba ɗakin ya fara wari. Yatsun ƙafar suka kumbura kamar rogo. Yaya ya daina cin abinci, ya fara sambatu da rana tsaka, yana kiran gola ya fito ya kama. Inna ta zauna a bakin ƙofa tana yi masa fifita tana share ido da gefen mayafi. Kawu Sale ya ce warin magani ne yake aiki.

Ran nan bayan sallar azahar Malam ya shigo ɗakinmu. Tun da aka gina ɗakin ban taɓa ganin ya taka cikinsa ba. Ya tsaya a kan Yaya ya ce min, "Nafi'u, kwance."

"Malam, ai mai ɗori ya ce..." in ji Kawu daga waje.

"Sale, na ji abin da ya ce. Kwance, Nafi'u."

Ina warware tsumman yana mannewa. Da na cire karan ƙarshe sai gefen gwiwar ya fashe, mugunya ta kwararo har kan tabarma. Kawu ya toshe hanci ya ja baya. Malam ya tattare rigarsa ya tsuguna, ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun kaka, Malam," in ji Yaya, muryarsa da ƙyar.

"Tun kaka." Malam ya maimaita a hankali. Sa'an nan ya miƙe ya ce, "A nemo mota."

Ana wahalar fetur. Sai da na bi direbobi uku kafin ɗaya ya yarda a yi shatar motarsa, shi ma da sharaɗin mu saya masa galan a wurin 'yan bumburutu. Muka shimfiɗa Yaya a baya, kansa a cinyata, muka nufi asibitin ƙashi a Kano, wanda shi yajin aikin bai shafe shi ba.

Wanda bai taɓa jinya a asibitin gwamnati a shekarun nan na tsuke bakin aljihu ba, ya shirya ƙafafunsa da haƙurinsa. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kowanne kuma sai ka kai gaba a ce ka tsallake wani. Babu gado, muka yi kwanaki a baranda a kan tabarma tare da waɗanda suka yi haɗarin mota. Duk abin da za a taɓa majinyaci da shi kai za ka sayo a shagunan tsallaken titi: safar hannu, auduga, bandeji, ruwan da za a ƙara masa, har sirinji. Ni da nake jin nauyin tambayar hanya, sai ga ni ina bin bayan nas-nas ina "don Allah, Sista" tun safe har yamma.

Likitan da ya fara duba shi ƙasa-ƙasa yake magana, da alama shi ma a gajiye yake. Ya danna gefen gwiwar, ya dubi ɗigon allurar, ya tambayi wanda ya yi. Yaya ya faɗa masa, har ya ƙara da labarin ɗan wasan Ailan, wai shi ma da haka ya yi shekaru yana bugawa. Likitan ya cire tabarau ya murza ido.

"Na san shi. Na kalle shi a talabijin, kuma gwani ne. Amma shi in za a taɓa gwiwarsa ɗakin tiyata ake shiga da shi, likita ya wanke hannu har gwiwar hannu. Kai a ina aka yi maka?"

"A bayan kanta."

"Allurar sabuwa ce?"

"Yana dai tafasa ta."

"Yana dai tafasa ta," in ji likita. Ya juyo wurina, don ya ga ni nake kasa kunne. "Mugunya a cikin gaɓa kamar gara ce a cikin azara. Ka ga waje lafiya lau, ciki ta cinye. Da a makon farko kuka zo da wanki ɗaya ya isa. Yanzu sai abin da muka gani."

Wannan maganar ta gara har yau tana kaina.

Aka shiga da shi aka buɗe gwiwar aka wanke. Yana buƙatar jini, nawa leda ɗaya ce kawai aka yarda a ɗiba, wai ba ni da jiki. Na aika gida. Washegari sai ga Koci Bala da bas cike da 'yan ƙungiya, har da yara biyu 'yan Kabo waɗanda Yaya ya sha kayarwa a fili. Ɗayansu yana naɗe hannun riga yana cewa, "Ɗan Ailan, jinin Kabo za a sa maka, daga yau in ka tare ni ka ci amana." Ranar ce kaɗai na ga Yaya ya yi dariya a watan nan. Koci Bala bai iya haɗa ido da ni ba. Da za su tafi ya tura min wani ƙunshi a aljihu, ya ce na 'yan wasa ne, ya juya da sauri.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Da safe wankin ciwo, Yaya ya ciji matashi ni in riƙe ƙafar. In zubar da fo, in wanke shi, in goge masa jiki, in je layin ruwan zafi, in tsallaka titi sayen allurar da aka rubuta, in dawo a ce ba wannan kamfanin ba. Kwali nake shimfiɗawa a ƙarƙashin gadonsa. Wata nas tana da tsawa, ko ruwa ka zubar sai ta tara maka jama'a, kuma sau biyu tana tsallake allurar Yaya don ta tarar ina salla ban miƙa mata sirinji ba. Wata kuwa, mutuniyar Jos, ita ta koya min yadda zan juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ran da kuɗinmu ya yanke ta kawo bandeji daga jakarta ta ce kada in gaya wa kowa. Ba addininmu ɗaya ba, amma ba na salla ban tuna da ita ba.

Inna takan zo ranar Juma'a da kunu da dambu, ta zauna a ƙasa ta riƙe yatsun ƙafarsa mai lafiya. Ba ta taɓa faɗa mana abin da ake sayarwa a gida ba. Ni dai na lura ta daina maganar awakinta, kuma aka ce min Kawu Sale ya bar zuwa gidanmu a keke. Shi ma bai sake ambaton mai ɗori ba. Kullum ya zo sai ya ce, "Ɗan nan, ka yafe ni," Yaya ya ce, "Haba Kawu."

Gadon da yake kusa da namu wani direban tirela ne da cinyarsa ta karye, an rataye masa ƙafa da igiya da ƙarfe. Bakinsa ba ya shiru. Lokacin ko'ina maganar Shari'a ake yi, a rediyo da bakin masu ziyara. Ran nan ya leƙo ya ce, "Ɗan ƙwallo, in suka ce za su yanke, ka ce likita ya raka ka har gida ya yi bayani, kada mutanen garinku su ce kotu ce." Ɗakin ya ɗauki dariya. Yaya bai yi ba. Ranar na gane shi ma ya ji abin da nas-nas suke faɗa ƙasa-ƙasa.

Wanki na farko bai isa ba, aka yi na biyu. Zazzaɓi ya tafi, muka fara murna, bayan mako guda ya dawo. Aka sake ɗaukar hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mana. Guringuntsin da yake tsakanin ƙasusuwan ya ƙare ƙarƙaf, cutar kuma ta fara shiga ƙashin cinya. Ya ce hanya biyu ce. Ko a kankare abin da ya ruɓe a haɗe ƙashin sama da na ƙasa su zama ɗaya, ƙafa ta tsira amma gwiwa ba za ta sake lanƙwasuwa ba har abada. Ko kuma a ci gaba da jira, in cutar ta hau sama a yanke daga cinya, in ma an samu an ceci ransa.

"A sake wankewa," in ji Yaya.

"Babu abin da ya rage da za a wanke."

"Na Ailan sau nawa aka yi masa aiki ya koma fili? A sake wankewa, likita."

Likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai da yardarsa, amma kada mu ɗauka cutar za ta jira mu.

Mako guda da wani abu Yaya ya ƙi. Ya juya fuska bango, ya daina amsa gaisuwar direban tirela. Kullum da safe in an buɗe ciwon nakan duba inda jan fatar ya tsaya, kullum sai in ga ya ɗan ƙara hawa. Na roƙe shi, ya ce in fita harkarsa. Na ce masa ai shi wancan ɗin ma gwiwoyin ne suka sa ya ajiye ƙwallo a ƙarshe, na karanta masa da bakina, ya ce in tsallake wurin.

"Amma dai ya buga," in ji shi.

"Ya buga, Yaya. Kai ma ka buga."

Na fita na sami direban garinmu a tasha na ba shi saƙo: a gaya wa Malam ya zo da kansa.

Washegari kafin azahar Malam ya iso, da buta a hannu, ƙafafunsa duk ƙura. Ya gaisa da kowa a ɗakin gado-gado, ya yi musu addu'a, sa'an nan ya zauna a kujerar ƙarfe kusa da Yaya. Na ba shi bayanin likita yadda na ji shi. Ya saurara har na gama.

"Habibu, me ka ce?"

Yaya ya juyo. Ya rame har haƙoransa sun yi masa yawa a baki. "Malam, in aka ƙame ta ba zan iya sujada ba. Ba zan iya zaman tahiya ba. Ɗanka a sahu da ƙafa a miƙe kamar muciya, yaya ke nan?"

Na ɗauka ya sami Malam a inda ba zai iya musu ba. Malam ya ajiye butar a ƙasa.

"Kada ka kawo min salla a nan. Salla tana da rangwame, kai ma ka karanta a gabana. Wanda bai iya a tsaye ba ya yi a zaune, wanda bai iya a zaune ba ya yi a kwance. Ƙwallo ce ba ta da rangwame, ita kake yi wa kuka. Yi mata kukan, ba zunubi ba ne." Ya dubi ƙafar. "Ni na ce a rufe gwiwar nan. Ban ce a ɓoye min ita ba. Amma kana ɗingishi a gabana tun kaka, ina ganinka, na ce ɗingishin 'yan ƙwallo ne, ban tambaya ba. Wannan laifina ne. To ka taimake ni in koma wa uwarka da kai da ƙafa biyu."

Yaya ya ja zani ya rufe fuska. Kafaɗunsa suna rawa. Direban tirela, wanda bai taɓa yin shiru ba, ya juya kansa wajen taga. Malam ya ɗora hannu a kan ƙaurin ɗansa ya bar shi a nan har aka kira salla.

Da la'asar Yaya ya ce in kira likita.

An ɗaga aikin sau biyu, sau ɗaya babu wuta kuma injin ba mai, sau ɗaya an kawo 'yan haɗari. A karo na uku aka yi. Ya fito da ƙarafa sun ratsa ƙafar ta gefe da gefe, an ɗaure su da sanduna a waje, abin ba kyan gani. Muka sake shiga wasu makonnin na goge bakin ƙarafa da auduga, da jiran ƙashi ya kama. Zazzaɓi bai dawo ba. Ya fara cin tuwo. Ran da aka ba shi sandunan dogarawa ya kai bakin ƙofa ya dawo, gumi ya jiƙa shi kamar ya buga wasa har da ƙarin lokaci. Malaman jami'a sun janye yajin aikinsu tuni, zangon ya wuce ni, sai na maimaita shekara. Ban yi da-na-sani ba, amma ba zan ce bai yi min ciwo ba.

Ina gode wa likitan nan da bai ɓoye mana gaskiya ba, da nas ɗin Jos, da 'yan ƙwallon Gwarzo da na Kabo da suka ba da jininsu, da maƙwabtan da suka yi wa Malam noma a daminar. Allah ya saka wa kowa. Mai kemis kuwa na ji yana nan yana sana'arsa, kuma har yanzu akwai yaran da suke hawa babur su je wurinsa ranar wasa. Su nake ji. Duk mai ɗa ko ƙane ɗan ƙwallo, in ka ga yana ɗingishi ya wuce mako, ka shiga da shi ɗaki ka ce ya ɗaga wando. Kunya ba ta hana duba ciwo, malamai ma sun yarda da haka. In ka ga kumburi da zafi ga zazzaɓi, ba na ɗori ba ne, ba na sakiya ba ne. Kuma kada ka bari kowa ya soka allura a cikin gaɓa a bayan kanta.

An sallame mu gero ya fara fitar da kai. Ba mu da halin shata, muka je tashar Kabuga mu hau bas ɗin Gwarzo kamar kowa. Na taimaka wa Yaya ya shiga da baya-baya, ya zauna a karkace, ƙafar a miƙe a kan kujera. Ɗan kamasho ya leƙo.

"Bawan Allah, lanƙwasa ƙafar mana. Mutum huɗu ne a layin nan."

"Ba ta lanƙwasuwa," na ce.

"To kuɗin kujera biyu ke nan."

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba, ni da ban taɓa faɗa da kowa a tasha ba. Ina ce masa ba ya ganin daga asibiti muke, ba shi da tausayi ne. Fasinjoji suka fara sa baki. Yaya ya jawo gefen rigata.

"Biya shi, Farfesa. Da an yanke ta ai kujera ɗaya za mu biya."

Na biya. Na zauna a ƙarshen layin, na ɗora diddigensa a kan cinyata. Kafin mu kai Rimin Gado barci ya ɗauke shi. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji nauyin ƙafar da ɗuminta ta cikin wandona. Cinyata ta yi tsami, ta mutu, amma ban gyara zama ba har Gwarzo.